Ƙaiƙayin gaba bayan ɗaukewar al'ada: abin da ake kira "sanyi" da ɓarnar da yake yi a ɓoye

A kantunan magani na Gadarif da Kasala da Sinnar da Bur Sudan, a ƙasar Sudan, akwai wani ciniki da ake yi kullum, mai ciwon kuwa tana gida. 'Ya ce take zuwa, ko suruka, ko jika, ta matso kusa da teburi ta rage murya: "Malam, Hajiyarmu ce sanyi ya matsa wa, kwana take tana susa. A taimaka mana da na matsi da na shafawa." Mai kanti ya miƙo ƙwayar Canesten da kirim ɗin nan mai haɗin magani uku. Abin ya lafa na sati biyu, ya dawo, a sake aike. Haka ake shekara uku, biyar, har goma, an kashe kuɗi, an sha sassaƙe, an zauna a ramin dukhan, wato turaren tsuguno, amma babu wanda ya taɓa haska fitila ya dubi wurin. Ranar da aka duba, sau da yawa fatar ta riga ta yi fari, leɓɓan gaba sun narke, ƙofa ta tsuke, aikin wata cutar fata da ake kira laiken sikilerosus.

"Sanyi" ya zama kwandon da muke jefa duk wani ciwon gaba a ciki. Irin sanyin da ƙwayar matsi take kashewa, wato kandida mai farin ruwa guda-guda kamar tsinkakken nono, ya fi bin mata masu haila. Ƙwayar cutar tana cin sukarin da istirojin, sinadarin da jikin mace yake samarwa, yake tarawa a bangon farji, da zarar al'ada ta ɗauke istirojin ya ja baya, ita ma ta rasa abinci. Idan dattijuwa ta kamu da kandida da gaske, to akwai dalili a bayansa: ciwon suga da bai daidaitu ba, ko magungunan suga irin su Forxiga da Jardiance masu fitar da suga ta fitsari, ko yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Don haka matar da ta daina haila, ta yi wata guda tana ƙaiƙayin gaba, abu biyu ya wajaba a yi mata kafin a sake sayen wani kirim: a gwada suga, kuma likita ko ƙwararriyar ungozoma ta duba wurin da haske mai kyau.

Ɗaukewar al'ada ita kanta tana da nata aikin. Ana ce mace ta kai wannan mataki idan ta yi wata 12 a jere babu jini, galibi tsakanin shekara 45 da 55. Daga nan bangon farji yake yin siriri ya bushe, a ji zafi wurin saduwa, fitsari ya yawaita, cutar mafitsara ta riƙa kai-komo. Wannan yana jin maganin istirojin na sakawa a wurin: kirim ɗin Ovestin kullum dare na sati biyu zuwa uku sannan sau biyu a sati, ko ƙwayar Vagifem mai maikirogiram 10 kullum na sati biyu sannan sau biyu a sati. Wadda ta taɓa yin dajin nono sai da shawarar likitanta. Bushewar tsufa takan ɗan yanƙwanar da ƙananan leɓɓa, amma ba ta haɗiye su ɗungurungum, ba ta kuma mayar da fata fara fat. Inda aka ga haka, wata cuta ce ta hau kan bushewar, istirojin kaɗai ba zai taɓa ta ba.

Wadda ta fi yawa cikin waɗannan cututtuka ita ce laiken sikilerosus, wadda a takardun asibitin Sudan ake rubutawa "al-hazaz al-mutasallib". Likitan fata na Faransa, Hallopeau, ya siffanta ta tun 1887. Garkuwar jikin mace ce take juyowa kan fatar wurin, shi ya sa ake yawan samunta tare da 'yan uwanta, kamar lalurar ƙullin wuya mai jawo maƙoƙo, da albaras. Ba a ɗaukarta a bandaki, ba ta bin saduwa, miji ba ya buƙatar magani, kuma babu ruwanta da ƙazanta. Ya kamata a faɗi wannan da babbar murya a gidan da ake zaman mata biyu ko uku, domin an sha ɗora wa amarya laifin "kawo sanyi" a kan cutar da ba ta tsallakawa daga jiki zuwa jiki.

Kamanninta: fata fara kamar alli, siririya, mai tamoji irin na yanar da take taruwa a saman dafaffiyar madara. Wani wurin kuma ta yi kauri saboda susa. Ana ganin ɗigon jini da ya kwanta a ƙarƙashinta, da 'yan tsage-tsage kamar an ja reza. Takan zagaye farji ta bi ta zagaye dubura, ta ba da siffar lamba 8. Kusan mace uku cikin goma na masu cutar abin yakan kai dubura. Ba ta shiga cikin farji, a bakin ƙofa take tsayawa. Ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare. Akwai kuma waɗanda ba su jin kome, sai dai a tarar da tabo.

Hotunan littattafan likitanci yawancinsu na fararen mata ne, inda ja yake fitowa ɓaro-ɓaro. A baƙar fata jan kumburi yakan zama toka-toka ko ya ƙara duhu, farin ne kawai yake ɗaukar ido, sai a ce albaras ne, wanda 'yan Sudan suke kira bahag, a sallami mace da cewa babu komai. Yatsa ne yake raba gardama. Fatar albaras launinta kawai ya tafi, laushinta da siffar wurin suna nan yadda suke, kuma ba ta hana barci. Fatar sikilerosus ta canza a taɓawa, tana tsagewa idan an ɗan ja ta, kuma tsarin halittar wurin ya fara sauyawa.

Wannan sauyin shi ne zuciyar maganar, domin shi ne ba ya komawa. Kumburin da yake ƙarƙashin fata yana cinye zaren da yake ba ta talewa, ya maye gurbinsa da tauri. Abin da ake fara gani shi ne kwarin da yake tsakanin ƙananan leɓɓa da manyan ya cike, ƙananan su manne da manyan, su yi ta kwanciya har su shafe kamar ba a taɓa halittarsu ba. Fatar da take lulluɓe da ɗan tsaka ta haɗe ta binne shi. Yana nan da jijiyoyinsa, an dai rufe shi ne. Daga sama mannewar take gangarowa ta fara rufe ƙofar fitsari. Daga ƙasa kuma, a wurin da leɓɓa suke haɗuwa kusa da dubura, wata tantanin fata mai tauri ta taso kamar dokin ƙofa. Ita ce take yagewa duk lokacin saduwa, ta warke da sabon tabo, ta ƙara tsukewa. Cutar tana son wurin da aka ji wa rauni, don haka kowace yagewa tana ƙara mata fili.

Mace mai shekara 50 ko 55 tana nan a ɗakin mijinta, abin da masu duba tsofaffi suke yawan mantawa ke nan. Ta fara gudun shimfiɗa, maigida ya ɗauka raini ne ko tsufa, ƙawaye su kawo shawarar kayan mata. Idan na sha ne da sauƙi. Na matsi kuwa, da alimun da ruwan bagaruwa, wadda ake kira garad a nan, aikinsu su ƙanƙance fata su busar da ita, alhali wurin ya riga ya fi ƙarfin tsukewa. Bayan an daɗe ana jin zafi, tsokar ƙugu takan koyi ƙanƙamewa da kanta tun kafin a taɓa, kuma wannan yakan saura ko bayan fatar ta samu sauƙi. Maganinsa motsa tsokar ƙugu a hannun ƙwararren fisiyo, wato mai jinya ta hanyar motsa jiki, da robobin buɗa hanya masu girma hawa-hawa da ake sakawa minti biyar zuwa goma a kullum, da man santsi marar turare. Ya kamata a zaunar da mijin a yi masa bayani, a ce masa, "Alhaji, ba ƙin ka take yi ba, fatar ce take yagewa, a ba ta wata biyu zuwa uku magani ya kama."

Sai fitsari. Idan leɓɓa suka haɗe a kan ƙofarsa, fitsari ba ya fita a miƙe, yana fantsama ko ya riƙa ɗiga, mace ta daɗe a tsugune. Wani kaso yana komawa baya ya taru a cikin farji, ta yi tsarki ta miƙe, ta ɗaura alwala, tana tayar da salla ta ji ɗumi ya gangaro. Mata da yawa wannan ne yake kai su asibiti, ba ƙaiƙayin ba, sai a rubuta musu maganin yoyon fitsari ba tare da an duba ba. Fitsarin da ya kwanta yana jawo cutar mafitsara a kai a kai, kuma jiƙewar fata da shi dare da rana tana ƙara rura cutar fatar. Mafi muni, ƙofar ta rage kamar kan allura, mafitsara ta kasa juyewa, fitsari ya koma sama ya danne ƙoda. Dattijuwar da ta wuni ba ta yi fitsari ba, mararta ta kumbura tana ciwo, wannan na gaggawa ne. Wani lokaci ba a samun inda za a zura robar fitsari, sai an huda ta mara.

A ƙarƙashin fatar da ta binne ɗan tsaka kuma, dattin fata yakan taru ya zama ƙullutu mai ciwo, ya yi mugunya. Ba a matsa shi a gida, ana tsaga shi ne a asibiti a wanke. Ta wajen dubura, tsagewa tana sa mace tsoron bayan gida, ciki ya bushe, taurin ya sake tsaga wurin. Basir ake cewa, a yi ta shan maganin basir.

A Sudan akwai abin da yake ƙara dagula ganewa, wato kaciya. Binciken gidaje na ƙasa na 2014 ya nuna kusan mace 87 cikin 100 'yan shekara 15 zuwa 49 an yi musu, kuma a 2020 dokar ƙasa ta mayar da ita laifi mai ɗaurin da ya kai shekara uku. Matan da suke daina haila yau an haife su tun kafin wannan doka da nisa. Hausawa ba su zo ƙasar nan da kaciyar fir'auna ba, amma zaman maƙwabtaka da auratayya sun shigar da ita wasu gidaje. Matar da aka yanke wa ƙananan leɓɓa aka ɗinke ta tun tana yarinya, aka kuma riƙa mayar da ɗinkin bayan kowace haihuwa, abin da ake kira adal, ta riga ta rasa alamomin da likita yake dogara da su. Ba a cewa leɓɓa sun narke inda babu su tun asali. Sai mai dubawa ya ɗora kome a kan kaciya ya rufe fayil. Tabon kaciya tsohon tabo ne da ya zauna shekara arba'in bai motsa ba. Idan ƙofar da aka haihu ta cikinta sau takwas ta fara tsukewa yanzu, ko fari ya ɓulla a wurin da ba a yanka ba kamar kewayen dubura, ko ƙaiƙayi ya taso bayan shekaru ana zaune lafiya, to sabon abu ne. Wani lokaci dole a buɗe ɗinkin kafin a ga fatar da take ƙarƙashinsa, kafin ma magani ya iya kai wa gare ta. Tambaya ɗaya tana da amfani sosai: "Inna, haka wurin yake tun da, ko kin ga ya canza?" Ta fi kowa sanin jikinta.

Akwai 'yar uwar wannan cuta da ba ta kai ta yawa ba amma ta fi ta zafi, laiken filanus mai saɓule fata, "al-hazaz al-musaɗɗah". Ita raɗaɗi take yi fiye da ƙaiƙayi. Bakin farji yana yin ja jawur kamar ɗanyen nama, da farin zane a gefe kamar saƙar gizo. Tana shiga har cikin farji, tana kuma kama baki, shi ya sa likitan da ya san aikinsa zai ce, "Hajiya, buɗe baki in ga dasashi." Bangon farji biyu da suka saɓule suna mannewa da juna, hanyar ta gajarce ko ta toshe gaba ɗaya. Bayan shafawa a waje, tana buƙatar kotizon, wato maganin kwantar da kumburi, na sakawa a ciki, da robar buɗa hanya, wasu kuma sai an haɗa da maganin sha mai kwantar da garkuwar jiki. Toshewar tana da haɗarin da ba a cika tunawa ba: ƙarfen duba bakin mahaifa ba ya shiga, kuma jini ko mugunya daga mahaifa suna iya taruwa a baya ba a gani ba.

Wannan ya kawo mu ga jini. Fatar sikilerosus tana zubar da ɗan jini idan an sosa, gaskiya ne. Amma duk jinin da ya zo bayan shekara guda da ɗaukewar al'ada, ko ɗigo ɗaya ne a zane, ba a jingina shi ga fata sai an wanke mahaifa daga zargi. Ana yin hoton na'ura a auna kaurin shimfiɗar mahaifa. Idan ta wuce milimita 4, ko jinin ya maimaita, a ɗebo samfurinta a gwada. Inda ƙofa ta tsuke ba za a iya saka na'urar ta gaba ba, ana yi ta saman mara ko ta dubura.

Batun ciwon daji na fatar gaba, a faɗe shi da ma'auni. Ƙasa da mace 5 cikin 100 masu sikilerosus ne suke kamuwa a tsawon rayuwarsu. Ke nan mafi yawa ba za su taɓa gani ba. Sai dai wannan daji yana da hanyarsa daban da na bakin mahaifa: ba ƙwayar cutar da ake yi wa 'yan mata rigakafinta ce take kawo shi ba, gwajin bakin mahaifa ba ya gano shi, kuma share-fagensa yana rikiɗewa da sauri, sau da yawa cikin shekara biyu zuwa uku. Ido da yatsa ne kawai suke kama shi da wuri. Alamunsa gyambon da ya ƙi warkewa, ƙullutu ko wuri mai tauri kamar kanta, wani ɓangare da ya yi kauri ya ƙi jin magani alhali sauran ya yi laushi, ciwo a wuri ɗaya da ya maye gurbin ƙaiƙayi, ko kaluluwa a matsematsi. Duk ɗaya daga cikinsu yana buƙatar a yanki fata a kai ɗakin gwaji. Aikin minti goma ne: allurar kashe zafi, ɗan ƙarfe mai faɗin milimita 4 ya ciro ƙwayar fata kamar ƙwayar dawa, ɗinki ɗaya ko biyu. Jita-jitar cewa taɓa daji da ƙarfe yana yaɗa shi ta kashe mata da yawa ta hanyar jinkiri. Idan aka kama shi bai wuce santimita 2 a faɗi da milimita 1 a zurfi ba, yanke wurin kaɗai ya isa. Ya wuce haka, sai an taɓa kaluluwar matsematsi, wani lokaci har da gashi na na'ura. Alƙaluman Amurka sun nuna fiye da takwas cikin goma suna kai shekara biyar idan bai bar wurinsa ba, kusan rabi kuwa idan ya kai kaluluwa.

Maganin sikilerosus sananne ne kuma ba shi da tsada a kan abin da yake tsarewa: wani kotizon mai suna kulobetasol, mai ƙarfin kashi 0.05 cikin ɗari, wanda aka fi sani da Dermovate, mai maiƙo irin na basilin, ba farin kirim ba, domin kirim yana da sinadaran adanawa masu yaji a tsagaggiyar fata. Tsarin da aka saba: kowane dare na sati 4, sannan dare ɗaya a tsallake ɗaya na sati 4, sannan sau biyu a sati na sati 4. A lissafa, shafawa 28 da 14 da 8, jimla 50. Abin da aka matso daga kan yatsa manuniya zuwa gaɓar farko kusan rabin giram ne, yawancin mata rabin wannan zuwa cikakkensa ya ishe su. Bututu ɗaya mai giram 30 ya kamata ya kai wata ukun nan. Ya ƙare a wata ɗaya, ana lafta shi da yawa. Wata uku sun cika yana nan kusan cike, ba a shafawa.

Yadda ake shafawar ya fi sunan maganin muhimmanci. Bayan sallar isha'i, an yi fitsarin ƙarshe, a wanke da ruwa zalla a tsane da tsumma mai laushi ba tare da gurzawa ba. A zauna a jingina, da madubi da fitila. A ware manyan leɓɓa da hannu ɗaya, a murza maganin da yatsa a kan farin wurin kamar minti ɗaya har ya shige: kan fatar ɗan tsaka, kwarin gefe biyu, ƙasan ƙofa, da kewayen dubura idan ya kai can. Ba a kai shi inda gashi yake fitowa ko matsematsi, nan ne fata take yin siriri ta yi nankarwa da kotizon. Ba a tura shi ciki. Wadda ƙiba ko ciwon gwiwa ko raunin gani ya hana ta, 'yarta ta taimaka, kuma a nuna wa 'yar wurin a gaban likita. A ajiye bututun a wuri mai sanyi-sanyi kamar gindin randa, zafin Kasala yana narkar da shi.

Ƙaiƙayi yakan tafi cikin sati ɗaya ko biyu, kuma nan ne ake yin babban kuskure, a ajiye magani an warke. Kumburin yana ci gaba a ƙarƙashi ko ba a jin kome. Bayan wata ukun farko, yawancin mata suna buƙatar ci gaba da shafawa sau ɗaya ko biyu a sati, ko a sauko zuwa mai sauƙi kamar mometason, abin da bai wuce giram 30 zuwa 60 a shekara ba. A 2015 mujallar JAMA Dermatology ta buga binciken da likitoci a Sidni ta Ostareliya suka yi kan mata 507. Cikin 357 da suka riƙe magani yadda aka tsara, ko ɗaya ba ta kamu da daji ko share-fagensa ba. Cikin 150 da suka riƙa ɗauka suna ajiyewa, 7 sun kamu. Sabon tabo da mannewa kuwa, kusan 3 cikin 100 a rukunin farko, 40 cikin 100 a na biyu.

Dermovate yana da baƙin suna a wurinmu, kuma da dalili. Shi ne ake ɗurawa a haɗin man bilicin da ake sayarwa cokali-cokali a shagunan "gadar zurufak", kowa ya ga fuskar da ya lalata. Sai dattijuwa ta karanta takardar cikin kwali ta ga an hana sa shi a al'aura, ko mai kanti ya tsorata ta, ta watsar. Wancan lafta shi ake yi a lafiyayyar fata, jiki gaba ɗaya, shekara da shekaru. Wannan rabin giram ne a kan fatar da cuta take cinyewa, kuma fatar cikin leɓɓa tana jure kotizon fiye da ta fuska. A ganinmu tsoron maganin ya nakasa mata fiye da yadda maganin ya taɓa yi. A saye shi a cikin kwalinsa daga kantin magani mai rajista, ba wanda aka juye a roba ba.

Idan an yi wata uku babu sauƙi, a bi dalilai ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawa ana shafawa a wurin da ba shi ba. Ko kandida ta shigo saboda kotizon da suga, a ji ƙaiƙayi ya dawo da ja da kumburi, a ba da maganinta a ci gaba. Ko fata ta ƙi wani abin da ake sa mata, musamman kirim mai neyomaisin da man kashe zafi. Ko fitsari yana jiƙa ta kullum. Ko bushewar rashin istirojin tana nan ba a kula da ita ba. Ko fatar ta kwanta amma jijiya ta koyi zafi, wanda ake ba wa amitiriftilin daga miligiram 10 da dare. Ko kuma tun farko ba cutar ba ce. Akwai wani daji mai suna Paget da yake kama da ƙyasbi ja mai ɓarewa, yana yaudarar likitoci shekaru. Gwajin fata ne yake warware wannan. Man takrolimus, wato Protopic, na likitan fata ne bayan an tabbatar babu daji. Kirim ɗin testosteron da ake bayarwa a da an daina, ba ya aiki.

Dukhan ba shi ne tushen cutar ba, kuma babu mai cewa a bar gyaran jiki. Amma zama a kan ramin itacen ɗalih a lulluɓe da bargon da ake kira shamla, zafi da hayaƙi suna bugun wurin kai tsaye, daidai yake da gasa fatar da ta riga ta tsage. Haka humra da miski da dilka da sabulu mai ƙamshi da Dettol da ruwan zafi da gishiri, duk su tsaya nesa da wurin, halawar cire gashi ma a tsayar da ita a wajen manyan leɓɓa. Tsarki da ruwa da muke yi alheri ne ga wannan fata, muddin ruwan zalla ne kuma an tsane. Basilin marar turare da safe da rana da kafin fitsari yana zama katanga. Wando na auduga mai sakin jiki, da dare ma a kwana babu shi. A yanke farce.

Tiyata tana da gurbinta, ƙarami. Ana raba leɓɓan da suka rufe fitsari, ana faɗaɗa ƙofa da aikin da ake kira na Fenton, a tsaga tantanin a tsaye a ɗinke a kwance, ana buɗe ɗan tsaka idan yana tara mugunya. Sharaɗin shi ne a kwantar da cutar kafin wuƙa, a koma shafa kotizon cikin 'yan kwanaki bayanta, a riƙa ware wurin da yatsa ko roba kullum, in ba haka ba ya sake haɗewa cikin makonni. Yanke fatar gaba ɗaya don kawar da sikilerosus an bar shi tuntuni, cutar tana dawowa a bakin ɗinki. Hasken leza da allurar ruwan jini da wasu asibitocin kuɗi suke tallatawa ba su maye gurbin kulobetasol ba.

A ƙa'ida ana ganin likita bayan wata 3, sannan bayan wata 6, sannan sau ɗaya a shekara. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya wargaza wannan ga mutane da yawa. Manyan cibiyoyin daji biyu na ƙasar, asibitin Zarra a Khartum da cibiyar Jami'ar Jazira a Madani, duk yaƙin ya katse aikinsu, masu neman gashi na na'ura suka koma bin hanyar Marawi ko Masar. A irin wannan hali nauyin sa ido ya dawo gida. Kowace mai cutar ta riƙe takarda ɗaya mai sunan cutar da sunan magani da ranar farawa da sakamakon gwajin fata idan an yi, a ɗauki hotonta a wayar 'yarta, domin likitan da za ta gani a Gadarif ba shi ne na Umdurman ba. Sau ɗaya a wata, a ɗauki farkon wata don kada a manta, ta duba da madubi ta shafa da yatsa ta ji ko akwai tauri. Idan aka ga gyambo ya kai sati uku ana shafa magani bai rufe ba, ko ƙullutu, ko jini, kada a sake aike kanti. A kai ta wurin likitan mata ko na fata, 'yar da ta rako ta kuma ta faɗa a fili: "Likita, an ce mahaifiyarmu tana da hazaz mutasallib, ga gyambo ya wuce sati uku, muna so a yanki fatar a gwada."